Shekarar da Aka Kama Modibbo Jaji

Randagi, ƙasar Birnin Gwari
Watan Azumin Tsofaffi, 1303

Zuwa ga ƙanena Salmanu, mai neman ilimi a birnin Zariya.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, karatu kuma yana shiga. Mu nan ƙalau muke. Tarin da Baffa Modibbo Jaji ya sha fama da shi ya yi sauƙi, har ya koma ba da karatu a zaure. Matarsa Inna Hajjo ta ce in tambaye ka ko kana cin tuwo, ko littafi kawai kake ci. Maigidana Maliki yana gaishe ka. Shanu sun rame don rani ya yi tsawo, amma ba mu rasa ko ɗaya ba.

Abarshi mai jakunan kanwa zai kawo maka wannan takarda. Abin da ya sa na rubuto shi ne wani baƙo da muka yi. Wani jakadan manya mai suna Dabo ya sauka da dogarai a bakin daji, ya kafa bukkoki. An ce neman mutanen da ke cewa Mahadi ya bayyana a gabas yake yi, masu kiran jama'a su bar ƙasa su yi hijira. Da farko dariya muka yi, don a nan wanda ya fi kowa nisan tafiya Kwatarkwashi ya taɓa zuwa.

To amma ka san bakin Baffa. A wurin sunan ɗan maƙwabcinmu Nababa, mutane suna kukan jangalin da aka karɓa sau biyu a shekara ɗaya, sai ya ce shari'a sau ɗaya ta sani, wanda ya karɓi na biyu zai amsa tambaya a gaban Allah. Ba a jima ba sai ga jakada a zaure. Ina bayan danga ina tankaɗe, na ji komai.

Ya ce, "Malam, an ce ka ce zamani ya ɓaci."

Baffa ya ce, "Kakana ma ya faɗi haka."

"An ce kana kiran hijira."

"Da wannan gwiwar? Masallaci ma da sanda nake zuwa."

"To mutumin gabas fa, Mahadi ne?"

"Ban ga alamun da littattafai suka faɗa ba. A wurina ba shi ba ne."

Jakada ya ce, "Amma ka taɓa jangali. Duk da haka suke farawa." Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Baffa ya ce ba komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka rubuto mini yadda abin yake a birni.

Yayarka,
Rabi'atu

*

Zariya
Watan Sha'aban

Zuwa ga Adda Rabi'atu.

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Takardarki ta same ni lafiya, sai ɗan zazzaɓin shigowar damina, shi ma ya wuce. Ki gaishe da Baffa da Inna Hajjo, ki ce mata tuwon birni ba shi da auki amma ina ci. Ki gaishe da Maliki.

Adda, abin da ya iso muku ya daɗe a nan. Yanzu a masallaci mutum yana salla, na kusa da shi yana kallon inda ya ɗora hannuwansa. Wanda ya naɗe su a ƙirji sai a ce na gabas ne. Akwai wani tsoho mai ɗinkin huluna da aka tafi da shi don ya yi mafarki ya ba da labari a kasuwa. Abin mamaki, fataken da suka fito daga Barno suna cewa shi wanda ake tsoron ya rasu tun bara. Amma tsoron bai rasu ba.

Na yi ta tunani a kan wannan. Ba zan ce masu mulki ba su da abin tsoro ba. Sun san yadda kakanninsu suka sami wannan ƙasa: malamai ne suka yi wa'azi, jama'a ta bi su, aka yi hijira, sarauta ta faɗi. Wanda ya hau ta wannan hanya ba zai so ya ga wani a bakinta ba. Sai dai sun kasa bambanta mai kiran tawaye da mai faɗin abin da ke cikin littafi, kuma ba na jin suna son su bambanta.

Don haka ki roƙi Baffa ya kama bakinsa zuwa wani lokaci. Na san shi ya rene mu bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ɗora mana alƙalami a hannu, ba ni da bakin yi masa faɗa. Ke yake ji. Ki ce masa maganarsa gaskiya ce, na ma karanta wa abokan karatuna abin da ya gaya wa jakada, suka yi ta jinjina masa. Amma mai shekarunsa ba zai iya zama da mari a ƙafa ba.

Malaminmu mutum ne da alƙalai ke jin maganarsa, yana kuma sona. In wani abu ya taso, ki sanar da ni da wuri.

Ƙanenki,
Salmanu

*

Randagi
Watan Azumi

Salmanu,

Ina gaishe ka, ina maka barka da shan ruwa. Jikinmu lafiya, an yi shuka, ruwa yana sauka. Ban da wannan ba ni da labari mai daɗi.

Sun tafi da Baffa. Da hantsi suka zo, yana tsakiyar biya wa yara karatu. Na faɗa masa saƙonka tun kafin nan, ya ce, "Ki ce wa Salmanu ai na yi shiru. Su ne suke zuwa suna tambayata, ni kuma ban iya amsa biyu ba." Ranar da suka zo ma bai yi gardama ba. Ya ce wa yaran su wanke allunansu su tafi gida, ya nemi sandarsa. Wani dogari ya ce ba a shiga gaban jakada da sanda. Maliki ne ya riƙe shi har sansani. Suka kwashe littattafansa duka a cikin buhu, har da wanda ya gada daga kakanmu.

Ba shi kaɗai ba ne. Sun kama maƙerin garin Gwaska don an ga ƙarfe da yawa a maƙerarsa, alhali fartanya yake ƙerawa, damina ce. Sun kama wani Bagwari manomi da ko salla ba ya yi, laifinsa wasu matafiya sun sha ruwa a gidansa suka nufi gabas. Da aka tambaye shi Mahadi, cewa ya yi bai san shi ba, ko wace kasuwa yake ci?

Nababa ne ya kai maganar Baffa. Kowa ya sani. An ce sun tsare shi ne suka ce ko ya ba da suna ko a rubuta nasa. Matarsa ta shigo aron turmi shekaranjiya, ta kasa ɗaga ido. Na ba ta. Na so in tsane su, na kasa, don ban san abin da Maliki zai faɗa ba in shi aka tsare.

Yanzu ba mai zama a gindin tsamiyar kasuwa. Mutum biyu in suna magana suka hango na uku sai su koma zancen ruwan sama.

Ka ce malaminku yana da baki a wurin alƙalai. Ga lokacin ya zo. Ka faɗi a gabansa, ka gaya masa tsoho ne mai tari, bai taɓa kiran kowa zuwa ko'ina ba. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kira shaidu ba, an dai ajiye shi. Mu ba mu san ƙofar da ake bugawa ba. Kai ne idonmu a can.

Rabi'atu

*

Zariya

Adda,

Ina lafiya. Saƙonki ya iso. Kada ki sake rubuto mini. Ki ƙone takarduna da ke wurinki. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce ba ki san ni ba, Baffa ma in an tambaye shi ya faɗi haka. Abarshi yana jira.

Salmanu

*

Randagi
Watan Babbar Salla

Zuwa ga Salmanu ɗan Maryamu, tunda haka uwarmu ta haife ka ko ka so ko ka ƙi.

Ina gaishe ka, don ba a koya mini fara takarda ba gaisuwa ba. Muna raye. Inna Hajjo ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

Ka ce kada in rubuto. Na yi biyayya har salla biyu suka wuce, ina cewa ko za ka aiko da wata maganar da za ta goge waccan. Abarshi ma ya daina biyowa ta nan, sai yau na gan shi. Na karanta ɗan layin naka har takardar ta yi laushi, ban sami wata ma'ana ba sai wadda ke fuskarta. Ka ji tsoro kada sunan Baffa ya ɓata maka zama a birni. Na ƙone takardunka kamar yadda ka ce. Amma cewa ban san ka ba, wannan ba zan iya ba. Ni na goya ka.

Bari ka ji halin wanda ka ce ya musanta ka. Ni da Inna muna kai masa fura a sansani. Yana cikin wata bukka mai yoyo, da mari a ƙafa, ƙafar ta kumbura. Tarin ya dawo. Duk zuwan da na yi sai ya ce, "Ina labarin Salmanu?" Ni kuma in ce kana nan kana ƙoƙari. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai a kanka.

Jakada ya ce zai sake shi in ya tsaya a kasuwa ya ce ya yi kuskure a maganar jangali. Na roƙe shi har da kuka. Ya ce, "Rabi, in na faɗi haka, duk abin da na koya wa mutanen nan sai su ce shi ma jira yake a matsa mini in janye. Ki bar ni."

Wani abu kuma. Ƙanen Maliki, Bakoji, ya shiga daji da samari da yawa da shanunsu, sun nufi gabas. Bakojin da ka sani, wanda bai damu da komai ba sai kokawa. Ya ce wa Maliki, "Tunda za a kama mu a kan tafiyar da ba mu yi ba, gara mu yi ta." Kafin zuwan jakada ban san mutum ɗaya a Randagi da ya yi niyyar hijira ba. Yanzu gidaje sun fara zama kango, jakada kuwa yana cewa ga shi, dama ya faɗa.

Ba na neman komai a wurinka. Na rubuto ne don kada wata rana ka ce ba ka sani ba.

Rabi'atu

*

Zariya
Ƙarshen watan Babbar Salla

Zuwa ga yayata Adda Rabi'atu, wadda ta goya ni.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Ina fata wannan ta sami Baffa da sauƙi. Ni yanzu ina lafiya, sai bayana da bai gama warkewa ba.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ba ki yi laifi ba. Da ni aka aiko wa waɗannan kalmomi, haka zan fahimce su. Ga abin da ya faru.

Kin tuna na ce na karanta wa abokan karatuna amsar da Baffa ya ba jakada? An kama ɗaya daga cikinsu a kan wata magana dabam. Da bulala ta yi masa yawa sai ya ce akwai wani ɗan Birnin Gwari da ke karɓar takardu daga wani malamin daji mai zagin jangali. Ranar da saƙonki ya iso, a ranar aka raɗa mini cewa ana nemana. Abin da suke so su samu shi ne igiya tsakanin malaman ƙauye da ɗaliban birni. In suka same ta, maganar Baffa ta tashi daga ta tsoho mai baki ta koma ta shugaban ƙungiya, wannan kuwa ba mari ake sa wa ba. Abarshi ya riga ya ɗaure kaya, yana tsoron a gan shi a ƙofata. Na rubuta abin da na rubuta a kan gwiwata. Na ɗauka za ki gane. Ban tuna cewa ke ba ki ga abin da nake gani ba.

Washegari suka zo. Na yi sallar azumi a tsare, na kusa yin ta layya. Abin da ya fi tsaya mini, Adda, ba dukan ba ne. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da na gaskata. Na shirya hujjoji daga littattafai in nuna musu ban yarda da da'awar mutumin gabas ba, ba mai bukata. Tambaya ɗaya ce kullum: wa ka sani, wa yake rubuto maka, wa ya kwana a ɗakinku. Na ce takardun na yayata ne, zancen shanu da lafiyar tsofaffi. Ban ambaci Baffa ba. Ba don ƙarfin hali ba, na dai riƙa tuna cewa in na faɗi suna ɗaya za su nemi na biyu.

Malaminmu ne ya tsaya mini, ya dafa Alƙur'ani a kaina. Da na fito na faɗi a gabansa kamar yadda kika ce. Ya yi jinkiri, don shi ma yanzu ana kallonsa, amma ya karɓo takarda daga wani alƙali mai tsoron Allah, cewa ba a tsare Musulmi ba shaidu, ko a kawo shi gaban shari'a ko a sake shi. Tana cikin wannan ƙunshin, an naɗe ta da fata. Maliki ya kai wa jakada a gaban mutane, kada ya ba shi a keɓe.

Ban sani ba ko za ta yi aiki. An hana ni fita daga birni sai bayan kaka. Ki ce wa Baffa ƙaryar da kika yi masa ba ƙarya ba ce duka.

Ƙanenki,
Salmanu

*

Randagi
Watan Safar, 1304

Zuwa ga ƙanena Salmanu.

Sallama da gaisuwa. Yaya bayan naka? Ka riƙa shafa man kaɗanya, kada ka kwanta a kansa. Mu muna lafiya. Ka yafe mini abin da na rubuta. Na so in sa hannu in dawo da takardar tun kafin jakunan Abarshi su ɓace a hanya, ko da ban san gaskiyar ba tukuna.

Ka yi haƙuri, Salmanu. Allah ya yi wa Baffa rasuwa. A ɗakinsa ya cika, ba a sansani ba.

Maliki ya kai takardar alƙali ranar kasuwa, a gaban jama'a. Jakada ya sa aka karanta masa, ya ce alƙalin birni ba shi ya aiko shi ba. Amma da la'asar ya sa aka cire marin. Ko takardar ce, ko kuwa ba ya so tsohon ya mutu a hannunsa, Allah ya sani. Ya ce sharaɗi ɗaya, kada Baffa ya sake ba da karatu. A kan jaki aka kawo shi. An saki Bagwarin nan ma. Maƙerin Gwaska har yanzu ba a san inda aka kai shi ba, littattafai kuma ba su dawo ba.

Baffa ya ɗan yi kwanaki tare da mu. Na karanta masa takardarka. Da na zo inda ka ce ba wanda ya tambaye ka abin da ka gaskata, sai ya ce in maimaita. Ya ce, "Ni ma haka. Yaron nan ya yi karatun da ban koya masa ba." Ya sa maka albarka. Nababa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya kasa shiga, Baffa ya ce a shigo da shi, ya tambaye shi lafiyar jaririnsa.

Ranar da ya rasu, jakada ya aiko cewa ba a yarda da taro ba, mutanen gida kawai za su sallace shi. Ya turo dogarai suka tsaya a ƙofar gida. Maza ba su cika sahu ɗaya ba. Na ji ciwon wannan ƙwarai, mutumin da ya yi wa rabin garin nan suna.

Ka san gidanmu a bakin gonaki yake, dawa kuma ta fi tsayin mutum yanzu. Tun da safe na ga mutane suna wucewa ɗaya-ɗaya da lauje a kafaɗa kamar masu zuwa aiki, ban kawo komai a raina ba. Da liman ya yi kabbarar farko, sai na ji an amsa daga cikin dawa. Daga gonar Nababa, daga ta bayan rafi, daga wajen hanyar Kutemeshi, har inda kunnena bai kai ba. Ba a ganin kowa, sai kan dawa yana motsi. Haka aka yi kabbara huɗu. Maliki ya ce dogaran sun dudduba, babba a cikinsu ya taka zuwa bakin gona ya tsaya, sannan ya dawo ya sunkuyar da kai har aka sallame. Inna Hajjo, da ba ta yi kuka ba tun ranar da aka kama shi, a nan ta yi.

Jakada ya tashi da sansaninsa, an ce ya yi yamma. Ba wanda ya ce ba zai dawo ba. Maliki yana maganar mu bi su Bakoji in an gama girbi. Na ce masa ni ba inda za ni, ban ga abin da na yi ba.

Yaran da Baffa ya bari a tsakiyar karatu suna zuwa da safe su tsaya a ƙofar zaure, su leƙa, su koma. Hanin da aka yi, Baffa aka yi wa, ba a ambaci sunan kowa ba bayansa. Ban ce ka zo ba, don yanzu na san abin da nake roƙo in na faɗi haka. Na dai gaya maka suna zuwa.

Yayarka,
Rabi'atu